Jabal Moya, dutsen da ya kamata yaranmu su hau

Ƙasar Jazira da ke Sudan shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Wad Madani har Sinnar baƙar laka ce mai tsattsagewa da rani, sai gonakin auduga da dawa, sai magudanan ruwan da aka haƙa bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Yaro Bahaushe kan girma a waɗannan ƙauyuka, ya kai munzalin aure, bai taɓa hawa abin da ya fi hasumiyar masallaci tsawo ba. Alhali kuwa kimanin kilomita 30 yamma da Sinnar akwai Jabal Moya, jerin duwatsu da suka yi curi a tsakiyar fili, kan hanyar da ta nufi Rabak da Kosti.

Ba dutse ne na gwanaye masu igiya da ƙugiya ba. Daga gindinsa ana bi ta tsakanin manyan duwatsu har a kai wani kwari da ke ɓoye a can sama, kewaye da tsaunuka, faɗinsa wajen hekta 10. Iyali za su iya tashi bayan sallar asuba, su hau, su sauko kafin rana ta yi zafi, musamman a watannin ɗari, Disamba da Janairu. Guzurin bai wuce gorar ruwa da kisra da takalmi mai rufi ba, sai kuma a ja wa yara kunne kada su zura hannu a kogon dutse, don kunama da maciji. Wanda ya taɓa hawa Dala a Kano ya san yadda gari ke buɗe wa mutum daga sama. A nan fili ne yake buɗewa, iya ganinka.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina yana ƙarƙashin ƙafa. A kwarin nan ne Henry Wellcome, attajirin mai kamfanin magunguna, ya yi haƙar tarihi daga 1911 zuwa 1914, da dubban ma'aikata. Sun tono kaburbura kusan 3,000, abin da ya sa wurin yake cikin manyan maƙabartun makiyaya na dā da aka sani a Afirka. Wellcome ya riƙa ɗaura na'urar hoto a jikin wani ɗan filfilo mai zare, iska ta ɗaga shi sama, don a ɗauki wurin daga bisa, tun kafin a saba ɗaukar irin wannan hoto da jirgi. Ya kuma gina gida da tiƙa-tiƙan duwatsu a wurin. A 2017 masana daga Jami'ar Khartum da Ingila suka dawo suka ci gaba da aikin. Idan yaro ya sunkuya zai iya ganin ɗan katanga na tukwane, da ɗigo-ɗigon ado da aka danna a jikinsa tun yumɓun yana ɗanye. Wasu irinsu sun kai shekara 7,000. A nuna masa, a bari ya shafa, sannan ya mayar inda ya gan shi, domin masana da mazaunin abu suke gane shekarunsa.

Ka duba kusancin zamani. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Garin bai cika shekara goma ba Wellcome ya fara haƙa a Jabal Moya. Jikokin waɗannan masu hijira sun san tarihin hanyar da kakanninsu suka biyo, kuma ya dace su san na ƙasar da suka sauka a cikinta.

Ga mai neman wani wurin kai yara, gandun daji na ƙasa da ya fi kusa shi ne Dindir, a iyakar Habasha, wanda aka keɓe a 1935. Sai dai yana da nisa, hanyarsa kan yanke da damina, kuma ba tafiyar wuni ɗaya ba ce ga manomi mai 'ya'ya biyar.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso dutsen. Dakarun RSF, abokan gabar sojojin gwamnati, sun kama Jabal Moya a Yunin 2024, saboda mararrabar hanyoyi ce, sojojin gwamnati kuma suka ƙwace shi a Oktoban shekarar. Inda aka yi irin wannan artabu akan bar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, yara kuwa su ne suka fi tsintar ƙarfe. Don haka kada uba ya kai iyalinsa sai ƙwararru sun share wurin. Bayan nan ina roƙon hukumar kayan tarihi ta Sudan da gwamnatin jihar Sinnar su sa wa hanyar hawa alama, su ɗauki matasan ƙauyen da ke gindin dutsen aikin jagora, makarantun Maiwurno da maƙwabtansu kuma su sa ziyararsa cikin tsarin karatun shekara.