Wane shafi ya fi saurin buɗewa?

Wani yaro da yayarsa suna gardama. Babansu ya ba su salularsa su duba masa labarin ruwan sama, domin lokacin shuka ya kusa. Yaron ya ce shafin intanet da ya sani shi ya fi saurin buɗewa. Yayarsa ta ce a'a, nata ya fi. Kowa ya kafe a kan maganarsa. Yara, yaya za a raba wannan gardama? Sai a auna, domin gani ya kori ji.

Me ya sa shafi yake daɗewa?

Ku tuna ranar da aka aike ku ɗebo ruwa a famfo. Babban tulu ya fi ƙaramin bokiti daɗewa kafin ya cika. In ruwan yana zuwa kaɗan-kaɗan, ko ƙaramin bokiti ma sai ya daɗe. In kuma mutane sun yi yawa, dole ku jira.

Shafin intanet ma haka yake. Rubutu da hotunan da ke cikinsa ba a cikin salula suke ba. Suna ajiye a wata babbar kwamfuta, sau da yawa a ƙasa mai nisa. Sai an ɗebo su sun iso salula kafin mu gan su. Abubuwa huɗu ne suke sa sauri ko jinkiri.

Na farko, nauyin shafi. Ana auna shi da okte. Harafi ɗaya, kamar a ko b, okte 1 ne. Okte miliyan 1 shi ne mega 1. Shafin littafi mai haruffa 2000, okte 2000 ne kawai. Amma hoto ɗaya na salula yakan kai mega 2. Ke nan hoto ɗaya ya kai nauyin rubutun shafi 1000 na littafi!

Na biyu, ƙarfin rezo. Rezo na 4G kamar famfo ne mai babban baki, na 2G kuwa kamar mai ɗigo.

Na uku, yawan mutane. In jama'a da yawa suna aiki da eriya ɗaya a lokaci ɗaya, kowa rabonsa ya ragu.

Na huɗu, hanya. Saƙo yana bin zaren gilashi mai siriri kamar gashi. Haske ne yake gudu a ciki, wajen kilomita 200 000 a daƙiƙa ɗaya. Nijar ba ta da teku, saboda haka zarenta yana ratsa ƙasashen maƙwabta ya haɗu da manyan wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku, kamar waɗanda suke fitowa a Kwatano da Legas. A watan Maris na 2024 wasu daga cikin waɗannan wayoyi sun lalace, intanet ya yi nawa a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma.

Yadda ake aunawa

Ana bukatar salula ɗaya, da agogo mai nuna daƙiƙa, da littafin rubutu. Ku tuna: daƙiƙa 60 su ne minti 1.

Yaro ɗaya ya taɓa sunan shafi, ya ce: «Yanzu!» Na biyu ya fara duban agogo. In shafin ya gama fitowa duka, na farko ya ce: «Tsaya!» Na uku ya rubuta daƙiƙar da aka samu.

Amma awo sai da adalci. Ba a tseren jaki biyu, ɗaya da kaya ɗaya babu. Don haka a auna shafukan biyu da salula ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Kuma kada a tsaya a awo ɗaya, domin rezo yana sauyawa. A yi sau uku. Kafin kowane awo, babba ya share abin da salula ta ajiye, domin takan riƙe hotunan shafin da ta taɓa buɗewa, sai a ga kamar ya yi sauri.

Ga misali:

Shafi na ɗaya: daƙiƙa 6, 8, 7. Jimla 21. A raba gida 3: daƙiƙa 7.
Shafi na biyu: daƙiƙa 12, 16, 14. Jimla 42. A raba gida 3: daƙiƙa 14.

Wannan lissafi shi ake kira matsakaici. Ya nuna shafi na biyu ya ninka na ɗaya daɗewa. Gardama ta ƙare.

Awon nan yana da amfani ga aljihu. Mega da kuɗi ake sayen sa. Wanda yake da mega 30, shafi mai nauyin mega 3 sau 10 kawai zai buɗe shi. Shafi mai rabin mega kuwa, sau 60.

Mu riƙe

Kafin mu ce wannan ya fi wancan sauri, mu auna su ta hanya ɗaya, sau da yawa, mu fitar da matsakaici.

Kalmomi

sauri: la vitesse
daƙiƙa: la seconde
awo: la mesure
matsakaici: la moyenne

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa huɗu da suke sa shafi ya daɗe bai buɗe ba.
2. Me ya sa ake aunawa sau uku?
3. An sami daƙiƙa 9, 11, 10. Nawa ne matsakaici?

Aiki

Ku auna lokacin cikar bokiti ɗaya a famfo biyu, sau uku-uku. Wane famfo ya fi sauri?