Shata a Cikin Memori: Wahalar Raba Waƙoƙin Hausa Gida-Gida

A Daura aka binne Alhaji Mamman Shata a watan Yunin 1999, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya riƙe sarauta daga 1966 zuwa 2007. Waƙar da ya yi wa Sarkin tana cikin waɗanda da wuya a rasa su a wayar dattijon Daura, ko a motar haya mai bin hanyar Kwangwalam. Sai dai duk wanda ya zauna don ya tsara waƙoƙin da ya tara, ya ware kowace ya ba ta gidanta, a kan wannan waƙa zai fara cijewa. Sarki aka yi wa ita, saboda haka hannu zai kai ga rukunin waƙoƙin fada. To amma Shata ba makaɗin fada ba ne. Bai gaji kiɗa ba, bai zauna ƙarƙashin basarake guda ba kamar yadda Narambaɗa ya zauna a Isa ko Jankiɗi a Sakkwato, kuma da kalangu ake yi masa kiɗa, gangar da asalinta ta mahauta ce da dandali. Makaɗan fada da taushi da kotso da jauje aka san su. Bakin da ya waƙe Sarkin Daura shi ne ya waƙe direbobi da attajirai da sojoji, har da kumbon Afolo da Amurkawa suka harba duniyar wata a 1969.

Wannan tambaya ba ta malaman jami'a kaɗai ba ce. Kullum ana amsa ta a bakin kasuwa, a teburin masu turi. Saurayi ne zaune ƙarƙashin lema, da kwamfutar cinya da tarin wayoyin caji da ɗan abin zura memori. Dattijo zai miƙo waya ya ce, "Ɗana, cika mini ita." Yaron ya ce, "Baba, na da ko na zamani?" Idan ka leƙa fuskar kwamfutar za ka ga foldoji kamar haka: Tsofaffi, Sababbi, Bege, Siyasa, Nijar, Indiya, Wa'azi, Karatu. A cikin Tsofaffi an cusa Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Coge da Ɗan'anace da Haruna Uji, mutanen da kowannensu da irin nasa kiɗan. Ban ga laifin yaron ba. Tsarinsa na ciniki ne, yana so ya sallami mai saye cikin minti biyar, kuma yana sallamarsa. Matsalar tana tasowa ne bayan an je gida. Rabin fayilolin ba su da suna sai jerin haruffa da lambobi irin waɗanda WhatsApp ke liƙa wa sauti, wasu kuma suna ɗauke da sunan shafin da aka sauko da su a gurbin sunan mawaƙi. Wayar sai ta tattara su duka ƙarƙashin mawaƙin da ba a sani ba. Mutum yana sauraren karatun Alƙur'ani a mota da iyayensa, sura na ƙarewa sai waƙar rawa ta faɗo. Wanda hakan ta taɓa faruwa da shi ya san raba waƙoƙi gida-gida ba son iyawa ba ne.

Wani ɓangare na laifin yana cikin fayil ɗin kansa. A 1996 aka ƙirƙiro tsarin da ake kira ID3, wato ɗan bayanin da ake maƙalawa a wutsiyar fayil ɗin MP3 don na'ura ta san abin da take kunnawa. Gurbin ƙarami ne ƙwarai: harafi 30 na sunan waƙa, 30 na mawaƙi, 30 na kundi, sai shekara, sai lamba ɗaya tak ta nau'in kiɗa. Jerin farko nau'i 80 ne, kuma kusan duka na kasuwar Amurka da Turai ne, irin su rok da jaz da bulus da rege. Abin da ya rage wa makaɗin kotso shi ne gurbin "kiɗan ƙabilu" ko gurbin "saura". An faɗaɗa tsarin daga baya, yanzu mutum na iya rubuta abin da ya ga dama, amma tunanin da aka gina shi a kai bai gushe ba: kowace waƙa tana da suna ɗaya, tana cikin kundi ɗaya, ta fito a shekara ɗaya, nau'inta ɗaya. Haka kamfanonin faifai suke aiki. Su ne ma suka zauna a Landan a 1987 suka amince da laƙabin "kiɗan duniya" don masu kanti su sami kantar ajiye duk abin da ba na Turawa ba, tun daga Mali har Pakistan. Sai a 2020 masu kyautar Grammy suka sauya wa wannan rukuni suna, saboda ƙorafin da ya yi yawa.

Bahaushe yana da nasa rabon tun kafin a ƙera faifai, kuma ba da amon kiɗa yake rabawa ba. Tambayarsa ita ce: wa ake yi wa, da me ake yi, a wane taro? Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma ta manoma ce, a gayya ake jin ta. Goge da garaya suna da alaƙa da bori, shantu da ƙwarya na mata ne a cikin gida, tambari da kakaki kuwa na sarki ne, ba a buga wa kowa su don yana da kuɗi. David Ames da Anthony King sun tattara waɗannan sunaye da muhallinsu a ƙamus ɗin kiɗan Hausa da suka fitar a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuma ya shafe shekaru yana rarrabe makaɗan baka: na sarauta, na jama'a, na sana'a, na maza, na ban dariya. A wannan rabo Ɗan'anace yana wajen maza saboda dambe, Kassu Zurmi ma haka saboda tauri, Shata yana wajen jama'a. Rabo ne mai ma'ana, ya fi na wayar nesa ba kusa ba. Amma a lura, makaɗin yake rabawa. Mai tara waƙoƙi kuwa waƙa ce a hannunsa, guda-guda. Ɗanƙwairo makaɗin sarauta ne, ya kuma yi wa noma waƙa, ya yi wa attajirai. Idan aka bi mutumin, waƙar nomansa za ta kwana a fada. Idan aka bi waƙar, za a yayyaga mutumin gida uku.

Daura na ƙara wa lamarin wani nauyi da ba kowane gari ke da shi ba. A watan Rabi'ul Awwal, wanda Hausawa ke kira watan Gani, ana Sallar Gani a ƙofar fada, hakimai daga Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu suna shigowa da dawakai da makaɗansu. Yanzu kusan kowane hannu da waya a ɗage. Wanda ya naɗi minti goma na wannan rana ya naɗi tambari, ya naɗi algaita da kakaki, ya naɗi kirarin maroƙi, ga taken wani hakimi da ganga ke faɗa ba da baki ba, daga nesa kuma ga muryar masu yabon Annabi domin watan Mauludi ne. Wane nau'i ne wannan? Ba shi da mawaƙi ɗaya, ba shi da suna. Amma a ganina yana cikin abin da ya fi cancanta a adana da kyau, domin waƙar Shata tana hannun dubban mutane, wannan minti goma kuwa wataƙila a waya ɗaya take. Idan ba a rubuta cewa Gani ce, shekara kaza, tawagar hakimi kaza ba, bayan shekara ashirin hayaniya ce kawai. Take ba ya fassara kansa. Sai wanda ya tashi a gidan ya ji ya ce wannan na wane ne.

Kusancin iyaka ma na da nasa. Waƙoƙin Damagaram da Maraɗi suna tsallakowa ta Kwangwalam da Zango a cikin memori, da sunayensu a rubutun Faransanci, inda Shata ke komawa Chata. A wannan gefen kuma mutum ɗaya na iya bayyana sau uku a jerin waya: Ɗanƙwairo, Dankwairo, Dan Kwairo. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ne. Foldar "Nijar" kuwa ƙasa ta faɗa, ba ta faɗi komai game da kiɗan ba. A ciki za ka tarar da Mu'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram kusa da Mamman Barka da Sa'adu Bori, alhali Ɗan Alalo ya fi kusa da Sarkin Taushin Katsina a sana'a fiye da maƙwabtansa na folda.

Sai batun suna, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Makaɗin baka ba ya raɗa wa waƙa suna. Jama'a ne ke kiranta, wani da sunan wanda aka yi wa, wani da gindinta, wato amshin da 'yan amshi ke maimaitawa. Waƙa ɗaya sai ta yi suna biyu ko uku. Kuma ba sau ɗaya ake yin ta ba. Shata kan rera waƙa yau a gidan rediyo, gobe ya rera ta a wajen biki ya ƙara ɗiyan waƙar, ya saka sunayen waɗanda suka yi masa kyauta a wurin, ya bar waɗansu. Wanda ya ga fayil biyu masu suna ɗaya ya goge guda don ya sami wuri, yana iya goge abin da ba shi da na biyu. Tsawon lokaci ma ba hujja ba ne, domin da yawan waɗannan fayiloli daga kaset aka juyo su, kaset mai minti 60 kuwa yana yanke waƙa a minti 30 ko ta ƙare ko ba ta ƙare ba. Ka saurari biyun har ƙarshe kafin ka taɓa ko ɗaya.

Na zamani ba su fi sauƙi ba, ko da yake suna zuwa da suna da hoto. Ana cewa nanaye ga waƙoƙin finafinai na soyayya, amma Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun daɗe suna fitar da kundi ba tare da fim ba. Bege kuwa manufa ce: akwai wanda ake yi da mandiri, akwai na fiyano a situdiyo, akwai wanda ake rerawa da baka zalla kamar Ishiriniya, kuma akwai masu sauraren da za su karɓi ɗaya su ƙi ɗaya. Asharalle ta Katsina kalangu ce ta biki. Aminu Ala yana rubuta waƙa da ƙafiya kamar marubutan da, sannan ya shiga situdiyo ya ɗora mata kiɗa, sai katangar da aka gina a makaranta tsakanin rubutacciyar waƙa da waƙar baka ta tsage. Waƙoƙin siyasa su ne suka fi buƙatar shekara. A Daura, garin Muhammadu Buhari, ba sai an gaya wa kowa yadda waƙoƙin Rarara suka cika gari a zaɓen 2015 ba, amma mawaƙin siyasa kan yabi mutum bana ya juya masa baya baɗi, wanda bai san shekarar ba kuma ba zai gane inda waƙar ta dosa ba.

Ra'ayina shi ne a daina fara tsari da nau'i. A fara da mawaƙi, domin shi ne abin da ba a gardama a kansa: folda ɗaya ga mutum ɗaya, rubutun suna iri ɗaya, ko da ƙugiya ko babu, amma a tsaya a kan guda. Karatu da wa'azi a fitar da su daga cikin waƙoƙi gaba ɗaya, in da hali a memori dabam. Daga nan sai sunan fayil ya ɗauki abin da Bahaushe ke tambaya tun asali. Misali: Shata, Sarkin Daura Muhammadu Bashar, kalangu, naɗin rediyo. Idan an san shekara a saka, idan ba a sani ba a bar gurbin fayau. Shekarar ƙarya ta fi rashin shekara ɓarna, domin wani zai kwafa ya yaɗa. Nau'i kuma a bar shi ga jerin saurare, wanda kowace waya ke bari a haɗa ba tare da an kwafi fayil sau biyu ba. Ta haka waƙar Sarkin Daura za ta shiga jerin sarauta, ta shiga jerin kalangu, ta shiga jerin Daura, tana nan zaune a gidan Shata.

Aiki ne mai cin lokaci, kuma rabinsa ba a gaban kwamfuta ake yin sa ba. Littafin tarihin Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006 zai taimaka wajen gane mutanen da ya waƙe, littattafan Gusau za su taimaka a kan makaɗan Sakkwato da Zamfara. Amma makaɗan hakiman ƙasar Daura, da masu gangar noma na ƙauyukan Ɓaure, da matan da ke amada a bikin unguwa, mafi yawansu ba su shiga littafi ba. Sunansu yana bakin tsofaffi. Sai an ɗauki wayar an je zaure an gaishe su, an kunna, an ce, "Baba, muryar wa ce wannan, wa kuma yake yi wa?" Na cikin gida kuwa sai 'ya ko jika ta kai wa Inna ko Iya, domin su ne suka san wadda ta riƙe ƙwarya a bikin wance. Abin da suka faɗa a rubuta shi nan take a jikin sunan fayil ɗin, a kuma ajiye kwafi na biyu a wani wuri, tunda memori kan mutu ba sallama.