Zaman Birni a Idon 'Yan Cin Ranin Magariya da Dungas

Gundumomin Magariya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, suna maƙwabtaka da jihohin Katsina da Jigawa na Najeriya. A da gunduma ɗaya ce, sai a 2011 aka yanke Dungas ta ci gashin kanta tare da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da 570,000 a Magariya, sama da 350,000 a Dungas, kuma galibinsu manoma ne mazauna ƙauyuka. Babu babban birni ko guda a cikin gundumomin biyu, amma da wuya a shiga gidan da ba a samun wanda ya taɓa zaman birni. Da zarar an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, samari da magidanta sai su fara haɗa kaya, wasu su yi wata huɗu, wasu shida, wasu kuma shekaru. Abin da suke so da abin da suke ƙi a birni ya sha bamban da na ɗan birni haifaffe, domin su wurin nema suka ɗauke shi, kuma da abin da ya rage a aljihu ranar komawa gida suke auna shi.

Dalilin fitar a bayyane yake. Damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma yankin yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a karkarar Nijar, ta yadda gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki da yawa ke rabonta. Akwai lokacin da gyaɗa ta riƙe mutane a gida. A shekarun 1950 da 1960 Magariya tana cikin manyan cibiyoyin gyaɗa na ƙasar, har daga baya aka kafa masana'antar tatsar mai a garin. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, bai sake komawa yadda yake ba. Waɗanda ke da rabo a fadamun Korama, kamar na wajen Bande da Waca, suna iya cinye rani a gida da rake da rogo da kayan lambu. Saura kuwa hatsin da suka girbe sau da yawa ba ya kai su wata kaka, don haka fitar matashi ɗaya riba biyu ce ga gida: an rage baki ɗaya a kan rumbu, kuma ana sa ran aike.

Birnin da mutumin Magariya ya fi sani shi ne Kano, ba Yamai ba. Daga Magariya zuwa Kano ta Tinkim da Ɓaɓura da Ɗambatta tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba, alhali Yamai tana da nisan kusan kilomita 1,000. Mutanen Dungas kuwa ƙofarsu ita ce Maigatari, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa tsakiyar ƙasar da ke da tsohuwar alaƙa da Daura da Kano, ta bar dangi a ɓangarori biyu, shi ya sa har gobe naira ke yawo a kasuwannin yankin tare da sefa. Daga Kano wasu kan zarce Kaduna da Abuja, wasu su gangara Kurmi, wato Ibadan da Legas da Fatakwal. Damagaram da Yamai da Agadas suna samun nasu kaso, haka ma biranen Aljeriya da Libiya.

Ba a shiga birni da ka. Sabon zuwa kan sauka wurin ɗan garinsu da ya riga shi, shi ne zai nuna masa wurin kwana, ya haɗa shi da mai ba da hayar kura ko baro, ya tsaya masa idan ana neman wanda zai lamunce shi. Wannan ne ya sa ake samun 'yan ƙauye ɗaya sun taru a sana'a ɗaya, a unguwa ɗaya. Ayyukan sanannu ne: ga-ruwa, dako a kasuwanni irin su Dawanau da Singa da Kantin Kwari, shayi, yankan farce, gyaran takalmi, gadi, leburanci a wurin gini, jari-bola, tallar dabino da aya da rake. A Legas masauki yakan kasance a unguwannin da Hausawa suka daɗe da kafuwa, irin su Agege da Mil 12 da Idi Araba da Alaba Rago.

Abu na farko da 'yan cin rani ke yabon birni da shi shi ne kuɗin hannu. A ƙauye manomi yakan jira shekara kafin ya ga sakamakon guminsa, shi ma in ruwa ya yi daidai. A birni wanda ya fita da asuba da kurar ruwa zai ƙirga cinikinsa kafin magariba. Na biyu kuma, wanda ba a cika faɗa a fili ba, shi ne sakewa. Ɗan babban gida da ba zai iya ɗaukar kayan wani a kasuwar garinsu ba saboda idon sani, a Kano zai yi dako hankalinsa kwance, don ba wanda ya san asalinsa. Saurayi kuma yana samun abin da yake nasa na kansa, ba na gandu ba, kuma da shi yake tara kuɗin aure, ya sayi akuya ko ɗan maraƙi, ya rufa ɗaki da kwano. Ga yaro mai shekara 17 ko 18, tafiyar farko shaida ce cewa ya kawo ƙarfi, kuma wanda sa'o'insa suka tafi suka bar shi yakan sha zolaya a dandali.

Sai abubuwan more rayuwa. Wutar lantarki, ko da tana ɗaukewa, ta fi babu, a ƙauyuka da yawa na gundumomin biyu kuwa babu ɗin ce. Akwai gidan kallon ƙwallo, akwai cajin waya a kowace kusurwa, akwai abinci iri-iri a kowane lokaci. Asibitoci da kantunan magani suna kusa, abin da mutanen yankin ba sa rainawa, ganin yadda sashen yara na asibitin Magariya, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa, yake cika maƙil duk damina da masu zazzaɓin sauro da tamowa. Masu sha'awar karatu suna samun malamai da zaurukan ilimi da tafsirin azumi. Mafi ɗorewar amfani dai shi ne sana'a: wanda ya dawo da ɗinki ko walda ko gyaran babur ko gini, ya dawo da abin da ba ya ƙarewa kamar kuɗi.

Ɓangaren ƙorafi ya fi tsawo, kuma makwanci ne kan gaba. Mutum shida ko takwas kan haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya, wasu su kwana a shago bayan an rufe, ko a kangon da ake ginawa, ko a barandar masallaci, ko a gefen kurarsu. Wanda ya tashi a gida mai faɗin tsakar gida da inuwar gawo a gona, cunkoso da warin kwata da sauro da hayaƙin janareta suna damunsa fiye da yadda ɗan birni zai zata. Sannan komai na kuɗi ne. Ruwan wanka saye ake yi, ban-ɗaki biya ake yi, itace da a gida yara ke rorowa a nan sai an sa hannu a aljihu. Don a rage kashewa, da yawa kan taƙaita ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli ko shinkafa da wake sau biyu a yini, kuma kewar fura da nono da tuwon gero tana cikin abin da aka fi ambata a hira. Rashin lafiya ita ce babbar fargaba, don ranar da ba a fita ba babu ciniki, kuma jinyar mako biyu tana iya cinye tarin wata uku.

Abin da ya fi makwanci ciwo shi ne zubewar mutunci. Magidancin da a garinsu ake kira da sunan babban ɗansa, ake ba shi wuri a taron suna da ɗaurin aure, a birni yaro ƙarami zai ƙwala masa kira da “mai ruwa” ko “aboki”. A Kano harshe da addini ɗaya ne, amma karin maganarsa da ɗan Faransancin da ke kuɓuce masa suna tona shi, a yi masa dariyar ƙauyanci. A Kudu kuwa ba a bambanta shi da ɗan Arewacin Najeriya, don haka duk rikicin ƙabilanci da ya tashi yana iya rutsawa da shi, kamar na Idi Araba a 2002, da na Mil 12 a 2016, da na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021. Idan an yi sata a unguwa, baƙon da ba shi da mai tsaya masa ake fara zargi. Rashin cikakkun takardu kuma yakan sa ya riƙa kauce wa duk mai kaki, ko da shi aka zalunta.

Dokokin birni ma sukan sauya dare ɗaya, su tafi da abincin mutane. An hana acaɓa, wanda a Nijar ake kira kabu-kabu, a tsakiyar Abuja a 2006, a Kano a watan Janairun 2013, sannan a manyan sassan Legas a 2020 da 2022. Siyasar ƙasashe ta fi haka nauyi. A farkon 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, a 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki daidai lokacin da fari ya addabi Nijar, har mutane suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Rufewar ba ta taɓa tsayar da masu bin hanyoyin daji a kan babur ba, illa dai ta ƙara kuɗin mota da na shingaye.

Canjin kuɗi ne ya fi komai rage wa biranen Najeriya farin jini. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja a canjin gwamnati, ɗan cin rani kan dawo da keke da rediyo da turamen atamfa. Bayan cire tallafin man fetur da sakin naira a tsakiyar 2023, jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000 a 2024. Kuɗin mota da na abinci sun tashi a can, abin da aka tara kuma in aka juya shi zuwa sefa sai ya zama ɗan kaɗan. Masu dabara kan sayo kaya su shigo da su maimakon kuɗi.

Biranen cikin gida suna da sauƙi ta wata fuska: babu fargabar takardu, kuma aike ta kamfanonin tura kuɗi irin su NITA ko Al Izza yana isa a yini. Sai dai aikin bai kai na Kano yawa ba. Damagaram, wadda ta riƙe hedkwatar mulkin mallaka har zuwa 1926, ta shahara da ƙarancin ruwan famfo a lokacin bazara, wahala ga mazauna, kasuwa ga 'yan ga-ruwa. A Yamai kuwa Zabarmanci da Faransanci suna da ƙarfi, wanda bai yi lakwal ba yakan ji baƙunta a babban birnin ƙasarsa fiye da yadda yake ji a Kano.

Akwai wani nau'in tafiya da ya fi tayar da hankali, wato na mata da ƙananan yara da ake kaiwa bara a manyan birane. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, maƙwabciyar Magariya. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya ke mayar da 'yan Nijar gida a jerin motoci. A Maris na 2022 kuma gwamnatin Nijar ta kwaso kimanin mutum 1,000 da ke bara a titunan Dakar, aka bayyana cewa galibinsu daga Kance da Magariya suka fito. A irin wannan tafiya yaro ne jari, shi ke shan rana a bakin titi, shi ke rasa makaranta, kuma babu sana'ar da yake dawowa da ita.

Idan hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu da Yuni, tashoshin Ɓaɓura da Maigatari sukan cika da masu komawa shuka, ɗauke da buhun masara ko garin kwaki, da tufafin yara, da waya, da farantin sola. Ba kowa ke dawowa ba. Wanda ya samu shago ko gadi mai albashi yakan aiko da kuɗin 'yan ƙwadago a nome masa gonar, wasu sun yi aure a can, 'ya'yansu ba su san ƙauyen ba sai da salla ko rasuwa. Tun da aka gano zinariya a Jado, can arewacin Nijar, a 2014, sannan naira ta ci gaba da faɗuwa, wani kaso na samarin yankin ya juya akala zuwa arewa, wuraren haƙar zinariya da gonaki da wuraren gini na Libiya da Aljeriya. A ramukan zinariya babu lantarki, babu asibiti, ruwan sha ma da tsada ake saye, kuma hakan bai hana su zuwa ba.