Bashin Kasuwa da Ofishin Lauya: Inda Mai Gaskiya Ke Faɗuwa

Kayan miliyoyin naira na fita daga Kantin Kwari da Singa da Dawanau kowace safiya ba tare da an sa hannu a takarda ko ɗaya ba. A loda mota, a rubuta adadi a littafin shago, a ce sai an sayar. Mafi yawan wannan ciniki lafiya yake ƙarewa, domin kowa na tsoron sunansa ya ɓaci a kasuwa. Sai dai abokan hulɗa sun sauya. Yau mai riɗin Dawanau da kamfanin fitar da kaya na Legas yake ciniki, mai shinkafa da banki, mai atamfa da wani wakili a Caina wanda bai sani ba sai a waya. Waɗannan ba ruwansu da dattawan kasuwa, kunyar ido ba ta kama su, kuma kowannensu da lauyansa a gefe tun kafin a fara maganar farashi.

Namu kuwa, idan kuɗi suka maƙale, hanyar da yake bi sananniya ce. Ya yi ta buga waya har a daina ɗauka. Ya tura manya. Ya kai caji ofis. Sai bayan shekara biyu ko uku, ransa ya gama ɓaci, sannan ya hau benen lauya da leda cike da takardu. A lokacin an riga an yi ɓarnar da ba lallai lauya ya iya gyarawa ba.

Mu ɗauka wani ya tura tirela biyu ta riɗi Legas, an biya shi rabi, sauran shiru. Ga shi zaune gaban lauya.

"Barista, ni dai a kamo min shi. Kowa ya san ya ci kuɗina."

"Alhaji, wa ka sayar wa? Shi mutumin, ko kamfaninsa?"

"Ai duk ɗaya ne. Shi ne mai kamfanin."

A wurin doka ba ɗaya ba ne. Kamfanin da aka yi wa rajista a matsayin limited, mutum ne mai zaman kansa. Bashinsa nasa ne, kuma gidan mai shi da motarsa ba sa shiga ciki sai idan ya sa hannu cewa ya tsaya wa kamfanin. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, shi bashi na bin sa har aljihunsa. Tun da aka sabunta dokar kamfanoni a 2020, mutum ɗaya tak na iya buɗe ƙaramin kamfani, saboda haka suna mai ƙyalli a saman takarda ba ya nuna akwai dukiya a bayansa. Duba sunan kamfani a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC aikin 'yan mintuna ne. Lauya mai hankali da shi yake farawa, kuma da kafin a loda mota aka zo masa, da ya ce a nemi sa hannun mai kamfanin a matsayin wanda ya tsaya.

Tambaya ta biyu ita ce shaida. A ledar Alhaji akwai webil ɗin direba, da hoton alat na rabin kuɗin, da littafin shago da yaronsa ya rubuta. Wayar da aka yi cinikin da ita kuwa an sayar, saƙonnin WhatsApp sun tafi da ita. Abin takaici ne, domin dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi saƙon waya da na kwamfuta, muddin an cika sharuɗɗan tabbatar da na'urar da ta fitar da su. Saƙo ɗaya da mutumin ya rubuta yana neman a ƙara masa lokaci ya fi shaidu biyar da za su ce sun ji. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka kan rubuta bashi, bai kamata neman sa hannu ya zama abin kunya a wurinmu ba.

Sai wa'adi, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Bashin ciniki yana da lokacin da za a kai shi kotun boko. A Legas da Abuja shekara 6 ne, a wasu jihohin 5. Idan ya wuce, kotu ba za ta ko saurari wane ne mai gaskiya ba. Amma idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ko ya biya wani abu daga ciki, lissafi na sake farawa. Shi ya sa wasiƙar neman biya daga ofishin lauya take da amfani ko da ba a shirya shari'a ba. Sau da yawa amsar da za ta jawo ita ce shaidar da ake nema.

Maganar caji ofis tana buƙatar a tsaya a kanta, don nan ne mutanenmu suka fi jawo wa kansu. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, haka ma dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015. Kotunan Najeriya sun sha nanata cewa karɓo bashi ba aikin ɗan sanda ba ne. Wanda aka tsare kwana biyu kan kuɗin kaya yana iya fitowa ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi, ya haɗa 'yan sandan da wanda ya kai shi, kotu ta ci su diyya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: kuɗinka ba su fito ba, ga kuma hukunci a wuyanka. Damfara daban ce, wato wanda tun farko da ƙarya ya karɓi kayan. Haka ma wanda ya ba da cekin da ba kuɗi a asusunsa. Dokar ceki ta 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara, idan an kai cekin banki cikin wata 3. Bambance bashi da damfara aikin lauya ne, ba na mai fushi ba.

To a ce an yanke shawarar zuwa kotu. Wace kotun? Wannan tambaya ta cinye shekarun mutane. Wani mai suna Onuorah ya biya kuɗin gwangwanaye a matatar man Kaduna, aka ƙara farashi kafin a ba shi kayan, ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya. Magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda a 2005 ta ce kotun da ya fara zuwa ba ta da hurumin sauraron ƙarar ciniki zalla, ta Babbar Kotun jiha ce. Kotun Tarayya nata su ne irin rikicin kwastan, da jigilar jiragen ruwa, da satar tambarin kaya, da rigimar masu hannun jari a cikin kamfani. Akwai kuma shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, inda Kotun Ƙoli ta ce takardar ƙarar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba da sunan lauyan kansa ba, banza ce. Ta sake jaddada haka a 2012 a shari'ar First Bank da Maiwada. Ƙararraki da yawa sun rushe ta nan bayan an kai ƙarshe. Ko sammacin da Babbar Kotun Kano za ta aika Legas, sai an yi masa wani rubutu na musamman da doka ta tanada, in ba haka ba lauyan ɗaya ɓangaren ya samu abin kamawa. Mai ƙara ba zai san waɗannan ba, kuma ba a ce ya sani ba. Abin da ke kansa shi ne ya zaɓi wanda ya sani.

A ganina, bashin kaya da rigimar abokan jari ba sai an ɗauko babban ofishi daga Legas ko Abuja ba. Lauyan da aka rantsar a Najeriya na iya tsayawa gaban kowace kotu a ƙasar, kuma ofisoshin Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato sun fi sanin rajistarar kotunansu, da masu kai sammaci, da yadda ake ciniki a kasuwa. Ba sai ka yi wa lauyan Kano bayanin la'ada ko kafin alƙalami ba. Lambar SAN, wadda aka fara bayarwa a 1975, girma ce ta gaske, amma kuɗinta ma na gaske ne, kuma a babban ofishi ƙaramin fayil hannun ƙaramin lauya yake komawa. Sai dai kusanci kaɗai bai isa ba. Wanda ya ƙware a shari'ar fili ko ta zaɓe ba lallai ya iya ta banki ba. Ka tambaye shi ko ya taɓa yin irin taka, da wanda zai riƙa zuwa kotun a madadinka. Idan da banki ko babban kamfani kake rigima, ka tambaya ƙarara ko ofishin na yi musu aiki, domin bankuna na da jerin ofisoshin da suke riƙe da su a kowane gari, kuma ƙa'idar aikin lauya ta hana shi cin tudu biyu. Ka kuma duba hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA a takardunsa. A harabar kotu akwai masu baƙar kwat da ba su taɓa shiga makarantar lauyoyi ba.

Batun kuɗin aiki a rubuta shi tun ranar farko: nawa ne, ya haɗa da kuɗin zuwa kotu ko a'a, ina ya tsaya idan an ɗaukaka ƙara. An yarda a yi yarjejeniyar kaso daga abin da aka karɓo a shari'ar kuɗi. Duk abin da lauya ya karɓa da sunanka, a asusun masu ƙara ya kamata ya zauna, ba a nasa ba, kuma wanda ya taɓa shi akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi mai ikon soke sunansa. Wanda ya ce maka ya san alƙali, tashi ka ba shi wuri.

Lauyan kirki kuma zai faɗa maka idan shari'ar ba ta kai wahalarta ba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya ga yadda miliyan goma ta bara ba ita ce ta bana ba, balle wadda za a karɓa bayan an je kotun ɗaukaka ƙara an dawo. Ga ƙananan basuka akwai kotun ƙananan da'awa, wadda Legas ta buɗe a 2018 Kano ta biyo a 2019. An fara da iyakar naira miliyan 5 da burin gamawa cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsaya wa kansa. Akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano, wadda lauyoyi ke kira Maltido, tun 2009. Amfaninta shi ne sulhun da aka yi a can alƙali na iya sa masa hannu ya zama hukunci, abin da zaman dattawa ba ya bayarwa. Idan dukkanku Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci ma na sauraron bashi da ƙiradi.

Wani abin lura yana ƙasan kwantiragin manyan kamfanoni, a ƙananan haruffan da ba a karantawa: sharaɗin cewa idan an saɓa, wani mai raba gardama ne zai yanke hukunci a wajen kotu, a Legas ko ma a Landan. Dokar raba gardama ta 2023 da ta maye gurbin ta 1988 ta sa kotu ta dakatar da ƙararka ta tura ka can idan ɗaya ɓangaren ya nema. Hanya ce mai kyau ga manyan kuɗi, amma ku ne za ku biya mai hukuncin, kuma hukuncinsa da wuya a soke shi. Kafin sa hannu ake jayayya da wannan layin.

Masu kai kaya Maraɗi da Damagaram da Ƙonni su sani, da zarar an tsallaka Jibiya ko Maigatari ko Illela, doka ta sauya gaba ɗaya. Nijar da Cadi da Kamaru da Benin na cikin ƙasashe 17 masu bin dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta OHADA, wadda aka ƙulla a 1993, babbar kotunta kuma tana Abijan. Najeriya da Gana ba sa ciki. A ƙasashen OHADA wa'adin ƙarar cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa shekara 2 ne kacal. Suna da hanya ta gaggawa da alƙali ke ba da umarnin biya idan bashin a rubuce yake kuma adadinsa a bayyane, abin da ke nufin mai littafin shago kawai ba zai more ta ba. Hukuncin kotun Kano ba ya aiki kai tsaye a Maraɗi sai kotun can ta amince da shi, kuma da Faransanci ake shari'ar. Hukuncin mai raba gardama ya fi saurin tsallaka iyaka, tunda Najeriya da Nijar duk sun shiga yarjejeniyar New York ta 1958 da ta tanadi haka. Rufe iyakar 2019 da ta 2023 sun bar rigingimun wa zai ɗauki asarar kayan da suka kwana a hanya, da kuma ko da naira za a biya ko da sefa. Duk mai irin wannan ciniki, ya tambayi ofishin lauyan da zai ɗauka ko yana da abokin aiki a ƙetaren iyaka, ya kuma sa a rubuta masa kuɗin da za a biya da shi da ranar da za a ɗauki farashin canji.