Yadda Aka Tambayi Mutanen Gabashin Landan Kafin A Gina Musu Cibiya

Jin ra'ayin jama'a kafin gina cibiyar da za ta haɗa ayyukan hukuma wuri guda shi ne a tambayi waɗanda za a gina wurin dominsu abin da suke buƙata, da inda ya dace a kafa shi, tun mai zane bai ja layi ko ɗaya ba. Hukumomi da yawa kan yi hakan don cika ƙa'ida kawai: sai an gama tsari a kira taro, a karanta wa mutane, a tashi. Ƙaramar hukumar Tower Hamlets da ke gabashin birnin Landan ta bi wata hanya dabam a ƙarshen shekarun 1990, kuma abin da ya fito daga tambayar da ta yi ya sauya fasalin ɗakunan karatunta gaba ɗaya.

Tower Hamlets yanki ne da arziki da talauci ke zaune kafaɗa da kafaɗa. A cikinsa ne dogayen benayen bankuna na Canary Wharf suke, a cikinsa ne kuma ake samun unguwannin da talauci a tsakanin yara ya kai sahun gaba a duk Birtaniya. Tun da daɗewa masaukin baƙi ne. Yahudawa daga gabashin Turai sun zauna a nan, daga baya 'yan Bangaladash suka zo, har suka kai kusan kashi ɗaya bisa uku na mazauna yankin. A wajen 1998 hukumar na da ɗakunan karatu fiye da goma, amma masu shigarsu ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba, alhali a ƙasar baki ɗaya kimanin rabin jama'a ne ke zuwa laburare. Azuzuwan ilimin manya ma ba su cika ba, a yankin da dubban mutane ke neman koyon Turanci da sana'a.

Hukumar na iya gyara rufin tsofaffin gine-ginen, ta shafa fenti, ta ce ta yi aiki. Maimakon haka sai ta fita tambaya. An yi hira da mutane gaba da gaba, an rarraba takardun tambayoyi, an zauna da ƙananan rukunoni, har kimanin gida ɗaya cikin goma ya sa baki. Muhimmin abin da aka yi daidai shi ne neman waɗanda ba sa zuwa. Da ma'abota laburare kaɗai aka tambaya, da amsar ba za ta wuce a ƙaro littattafai a bar komai yadda yake ba, domin wurin ya riga ya dace da rayuwarsu. Wanda ke da bayanin da hukuma ba ta sani ba shi ne direban bas da ke tashi daga aiki bayan an kulle ƙofa, da uwar da ba ta da wanda za ta bar wa yaro, da dattijon da ƙafarsa ba ta iya hawan matakala. Irin waɗannan ba sa halartar taron da aka kira a zauren hukuma da yamma. Sai an same su a inda suke.

Amsar da aka samu ba ta yi wa masu tsari daɗi ba. Mutane ba su raina karatu ba, sun nuna suna girmama laburare. Sun nemi ƙarin littattafai, da kwamfutoci, da buɗewa na tsawon lokaci har da ranar Lahadi. Amma babban ƙorafinsu shi ne wurin da gine-ginen suke. Da yawa daga cikinsu tun zamanin Sarauniya Biktoriya aka gina su, a kan titunan da hada-hada ta riga ta ƙaura ta bari. Zuwa can na nufin mutum ya ware tafiya ta musamman, abin da mai fafutukar neman na tuwo ba ya da sararin yi. Jama'a sun ce za su shiga idan wurin na kan hanyarsu ta cefane, yadda mace za ta sayi kayan miya, ta leƙa ta mayar da littafi, ta wuce gida a fita ɗaya. Game da ilimin manya kuwa, da yawa sun ƙi zuwa ne saboda azuzuwan na cikin tsofaffin makarantu, wuraren da ke tuna musu da kasawarsu ta ƙuruciya.

A 1999 hukumar ta amince da sabon tsari: a haɗa laburare, da ilimin manya, da bayanan ayyukan hukuma a ƙarƙashin rufi ɗaya, a kafa su a bakin kasuwanni, da sunan Idea Store. Cibiya ta farko ta buɗe a unguwar Bow a 2002, kusa da kasuwar Roman Road. Ta Chrisp Street ta biyo a 2004, ta Whitechapel a 2005, ta Canary Wharf a 2006.

Cibiyar Whitechapel ce ta fi nuna yadda maganar mutane ta koma gini. David Adjaye, ɗan asalin Gana, shi ya zana ta, kamar yadda ya zana ta Chrisp Street. Bene ne mai hawa biyar a kan titin da Babban Masallacin Gabashin Landan yake, rumfunan masu kayan lambu da yadi a jere a gabansa, babban kantin Sainsbury's a bayansa. Bangonsa gilashi ne mai ratsin kore da shuɗi, launin da aka ɗauko daga tamfol ɗin rumfunan kasuwar, don mai wucewa ya hango abin da ake yi ciki kafin ya yanke shawarar shiga. An tanadi wurin renon yara, da azuzuwa a tsakanin kantocin littattafai, da gidan shayi a hawa na ƙarshe, yadda mai neman shayi sai ya ratsa ta gaban littattafan. An sassauta dokokin hana magana da cin abinci, an buɗe kwana bakwai a mako. A 2006 ginin ya shiga jerin ƙarshe na masu neman kyautar Stirling, babbar lambar yabo ta zanen gini a Birtaniya. Yawan ziyarar ɗakunan karatu a yankin ya tashi daga kimanin 550,000 a shekara zuwa wajen miliyan biyu.

Sai dai bin ra'ayin masu rinjaye ya zo da rashi. Sabbin cibiyoyi kaɗan ne manya, don haka an rufe wasu ƙananan ɗakunan karatu na cikin unguwa, kuma wanda ke zaune daf da su tafiyarsa ta ƙaru. Wanda ya fi taɓa zukata shi ne tsohon laburaren Whitechapel, wanda aka buɗe a 1892 da taimakon attajiri John Passmore Edwards. A cikinsa 'ya'yan baƙi matalauta irin su mawaƙi Isaac Rosenberg suka ilimantar da kansu. An rufe shi a 2005, gidan adana zane-zane na Whitechapel Gallery da ke maƙwabtaka ya haɗe shi da gininsa, aka sake buɗewa a 2009. Waɗanda suka yi baƙin cikin rufe shi suna da hujja, kuma babu takardar tambayoyi da za ta iya auna darajar irin wannan tarihi. Tuntuɓa ba ta kawar da saɓani. Amfaninta shi ne ta fito da shi fili, ta tilasta wa hukuma faɗin wanda ta fifita da dalilin fifita shi.

Wani abin lura shi ne tsawon lokacin da aikin ya ci. Tsarin 1999 ya hango cibiyoyi bakwai, amma biyar aka gina. Ta biyar ta buɗe a kasuwar Watney a 2013, shekara 14 bayan amincewa da tsarin, kuma an sa mata teburin hukuma inda mazauna suka riƙa kai matsalolin gidan haya, da harajin gunduma, da tallafi, a ginin da yaransu ke aron littafi.