Abubuwan da ya kamata ka sani game da kamun kifi a tabkunan ƙasar Dakoro

Idan aka ambaci Dakoro, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne shanu, raƙuma da kasuwar dabbobi. Ba kowa ya san cewa a wannan yanki na arewacin jahar Maraɗi, inda ruwan sama bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, akwai masu ciyar da iyalinsu da kifi. Sana'ar tana da riba, amma ta rataya ne a kan ruwa ƙalilan da mutane da yawa ke bukata.

Ina ruwan yake?

Babu kogi mai gudana a nan. Kwarin Tarka da Gulbin Kaba tsofaffin hanyoyin ruwa ne da suka ƙafe, sai dai ruwan damina yakan taru a wuraren da ƙasa ta yi kwari mai laka. Sanannun tabkunan yankin su ne na Birnin Lalle da na Akadane, wanda yanzu yake cikin gundumar Bermo. Ba su kai tabkin Madarunfa na kudancin jahar albarkar kifi ba, domin shi gulbi ne ke shayar da shi. Rana da iska suna iya shanye kusan mita 2 na ruwa a shekara, saboda haka zurfin tabki ya fi faɗinsa muhimmanci.

Daga ina kifin ke fitowa?

Tabkin da bai haɗu da gulbi ba, kifi ba ya zuwa masa da kansa. Ma'aikatan kula da ruwa da gandun daji da ƙungiyoyin raya karkara ne ke kawo 'ya'yan kifi su zuba bayan tabki ya cika. Daga nan sai a hana kamun kifi na wasu watanni har kifin ya girma ya hayayyafa.

Waɗanne kifaye ke jurewa?

Tarwaɗa ce kan gaba. Tana kiwo a ƙasan ruwa cikin laka, kuma tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye. Shi ya sa take rayuwa a ruwa mai ɗumi da duhu, inda wasu kifaye ke mutuwa. Karfasa kuwa uwar ce ke riƙe ƙwai a bakinta, tana da saurin haihuwa. Idan ta yi yawa sai ta tsumbure, a yi ta kama 'yan ƙanana, don haka zamanta tare da tarwaɗa mai cin 'ya'yanta yana da amfani. Ita gaiwa, in ruwa ya ƙafe, sai ta haƙa rami cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta har damina ta dawo.

Yaya ake kama tarwaɗa?

Ta fi fitowa kiwo da dare. Masunci yakan shimfiɗa doguwar igiya mai ƙugiyoyi jere da yamma, ya sa tana ko gutsuren sabulu, ya ɗaura dutse don ƙugiya ta kwanta ƙasa. Da asuba sai ya hau gora, ya kifa cikinsa a kai, yana tuƙi da hannu yana bin igiyar. Gwani yakan kama tarwaɗa ta bayan kai, domin ƙayar gefenta tana suka da zafi. Mai fatsa kuma yakan watsa dusa a wuri ɗaya don kifi ya saba, sannan ya zauna shiru yana duban wurin da kumfa ke tasowa daga laka. Abin da ba a sayar ɗanye ba, mata su yi bandarsa ko su soya.

Me ke kashe tabki?

Na farko rairayi ne. Gonaki sun matso har baki, an sare itatuwa, ruwan sama na kwaso ƙasa yana cike tabkin. Na biyu raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, mai kwashe kifin da bai kai haihuwa ba. Na uku maganin feshi da ake wanke kayansa a bakin ruwa. A watannin Afrilu da Mayu kuma, idan ruwa ya ja baya, iskar cikinsa kan yi ƙaranci gab da asuba, sai a ga kifi ya taso yana haki.

Wa ke da haƙƙi a kan ruwan?

Nijar ta kafa dokar su tun 1998, kuma mai kama kifi don sayarwa yana bukatar takardar izini. Sai dai ruwan nan shi ne mashayar dabbobin Fulani da Buzaye, shi ne kuma na masu lambu da masu bulo. Tabkin da zai daɗe yana ba da kifi shi ne wanda aka ware wa dabbobi hanyar shiga, aka tsayar da ranar buɗe su da ranar rufewa, kuma sarkin ruwa, mai gari da ardo suka zauna tare suka amince. Wani kaso na kuɗin kifin bana ya kamata a ajiye don sayen 'ya'yan kifin baɗi da dasa itatuwa a bakin ruwa, domin ba kullum mai tallafi zai dawo ba.