Ma'ajiyar Ƙunshi: Adana Takardun Ofis a Na'urorin Gida

Kwamfuta ta saba ajiye fayil a cikin folda, folda kuma a cikin wata folda, har adireshin fayil ya zama jerin sunayen da za a bi kafin a kai gare shi. Haka NTFS na Windows da ext4 na Linux suke aiki, kuma tsarin ya ishi mutum ɗaya da na'urarsa. Amma idan hotunan takardu suka kai dubun dubata, bincike yakan yi nauyi, faifai ya cika, kuma da zarar an sauya sunan folda guda, sai manhajar da ta san tsohon adireshi ta rasa fayil ɗin.

Ma'ajiyar ƙunshi ta bi wata hanya. Ana haɗa fayil da bayanansa, wato ranar ajiya, irinsa da mai shi, su zama ƙunshi ɗaya mai suna da babu irinsa, a sa shi a wani rukuni da ake kira bokiti. Aikin ya yi kama da na mai tsaron babura a bakin kasuwa: mai babur lambarsa kawai yake riƙewa, inda aka jingine babur ba ruwansa. Amazon ne ya yaɗa tsarin da hidimarsa ta S3 a 2006, kuma ƙa'idojinta ne yawancin manhajoji ke bi yanzu.

Ba dole ba ne a yi hayar wuri a Amurka ko Faransa, domin akwai manhajojin kyauta da ofis zai girka a na'urorinsa. Ceph, wadda Sage Weil ya ƙirƙiro a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, ta manyan cibiyoyi ce irin su CERN, kuma tana bukatar ƙwararru. A da MinIO tana da sauƙin girkawa, sai dai a 2025 kamfaninta ya rage abubuwan da ke cikin nau'in kyauta. Garage, ta ƙungiyar Deuxfleurs a Faransa, an gina ta ne don ƙananan kwamfutoci da ke warwatse a wurare daban-daban.

Fa'ida ta farko ita ce tsira daga asara. Wata manhaja tana ajiye kwafi 3 na kowane ƙunshi, wata kuma tana iya raba shi kashi 6 ta yadda kowane 4 za su dawo da shi cikakke. Idan wuri ya ƙare, sai a ƙara faifai ko na'ura ba tare da sauya sunan komai ba. Wasu ma suna riƙe tsohon kwafi idan an goge ko an sauya fayil bisa kuskure.

A gari kamar Gure, da ke kan hanyar Damagaram zuwa Diffa, takardun haihuwa na ma'aikatar magajin gari da hotunan ƙashi na gidan likita su ne irin kayan da suka dace: sau ɗaya ake rubuta su, a yi ta karantawa. Idan na'urar tana cikin ofis, katsewar intanet ba ta tsayar da aiki, kuma ana iya ajiye wani kwafi a Damagaram. Bayanan jama'a ma suna zama cikin ƙasa, ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane da Nijar ta fara kafawa a 2017.

Tsarin yana da iyaka. Ba a gyara tsakiyar ƙunshi, sai dai a sake rubuta shi gaba ɗaya, don haka bai dace da rumbun lissafi mai sauyawa kullum ba. Yana kuma bukatar tsayayyar wuta, ko ta sola da batura, ɗaki mai sanyi da ƙurar hunturu ba ta shiga, da ma'aikacin da zai sauya faifan da ya mutu kafin na biyu ya bi shi.